Mati da Bangon Silima Annuri

Duk wanda ya yi wayo a Maraɗi kafin bidiyo ta cika gari ya san Mati na Silima Annuri, ko da bai san sunansa ba. Shi ne gajeren mutumin nan mai faɗin kafaɗa da kan leƙo ta tagar ɗakin inji ya zazzagi jama'a in sun yi ihu don fim ya tsinke. Mutumin Jiratawa ne, ɗan manoman hatsi, kuma har ya yi furfura bai koyi lallashin kowa ba. Ya shigo birni yana da shekara ashirin da biyu, a wata shekara da damina ta yi musu gardama, da niyyar ya yi ga-ruwa wata biyu ya koma gida. Wuri na farko da aka kira shi ya kai ruwa shi ne silimar, can bakin Sabon Gari, ranar da ake shafe bango. Garwa goma sha huɗu ya kai, ya tsaya kallon aikin, daga nan bai sake ɗaukar sandar ga-ruwa ba.

Silima Annuri ba ta da rufi. Fili ne da katanga ta zagaye, da bencinan siminti a gaba don masu ƙaramin tikiti, da kujerun ƙarfe a baya don ma'aikata da ƴan kasuwa. Ɗakin inji yana can ƙarshe a bisa, ana hawa da matakala. A gaba kuwa bango ne, faɗinsa mita goma sha biyu, tsawonsa shida, a kansa hoto ke fita. Marigayi Alhaji Maman Lawali ne ya gina ta tun kafin ƙasa ta samu mulkin kai, ya ɗauko wani mutum mai suna Idirisa ya damƙa masa injin. Wannan Idirisa shi ya koya wa Mati komai, daga ɗora fim a inji zuwa liƙe shi in ya tsinke, da yadda ake sauya faifai ba tare da ƴan kallo sun farga ba. Amma abin da ya fi damunsa da shi safe da yamma shi ne bango.

Shafe bangon nan aiki ne mai ƙa'ida. Kowace shekara in ruwa ya ɗauke aka yi girbi, sai a tafi bayan Tibiri inda ake haƙar farar ƙasa. A jiƙa ta kwana biyu, a tace da tsumma har sau uku, a zuba ƙaro da ɗan gishiri don ta kama, a ɗiga bular wanki kaɗan don farin ya kwanta. Da tsintsiyar kaba ake shafawa, da sassafe kafin rana ta taɓa bangon. Shafi uku ne, na farko daga bisa zuwa ƙasa, na biyu a gicciye, na uku kamar na farko. In ta bushe ba ta ƙyalli ko kaɗan, kuma abin da ake so ke nan. Farar ƙasa tana karɓar hasken inji ta raba shi daidai, wanda ke tsakiya da wanda ke lungu duk hoto ɗaya suke gani. Da Idirisa ya rasu Mati ya gaji inji ya gaji tsintsiya, shekara ashirin da shida bai bari wani mahaluki ya sa hannu a bangon nan ba.

A bakin ƙofar silimar ya samu mata. Baturiya ƴar Tibiri ce, tana sayar da aya da soyayyar gyaɗa ga masu shiga kallo. Wata rana ta ce masa fim ɗin jiya ya yi duhu, ya yi mata faɗa kamar zai cinye ta, ta rama har da ƙari, bayan wata huɗu aka ɗaura musu aure. Suka zauna a wani ɗan gida a gefen unguwar Zariya, suka haifi ƴaƴa mata uku, suka aurar. Duk tsawon wannan zama Baturiya ba ta fasa faɗa masa in hoto ya yi duhu ba, shi kuma a duniya maganarta kaɗai yake ɗauka a kan wannan, ko da yake sai ya gama gunaguni tukuna.

Sai ga zamanin dimokuraɗiyya ya zo. Aka yi babban taron ƙasa a Yamai, jam'iyyu suka fito kamar ƙwarin damina, kowa ya zama mai bakin magana. Ma'aikata yau yajin aiki gobe yajin aiki, ƴan lakwal, wato ɗalibai, suna kan titi. Ana cikin haka gidajen bidiyo suka buɗe a kowane zaure, mutum ya zauna a tabarma ya kalli fim biyu cikin akwatin da bai fi faifan tuwo ba, wai shi ma ya je kallo. A farkon 1994 kuma aka karya darajar kuɗin sefa, duk abin da ke zuwa daga waje ya ninka tsada, har da fim. Silimar da a da ake cika har a hau katanga ta koma mutum arba'in, ta koma talatin. Akwai ranar da Mati ya tayar da inji don mutum tara da wata akuya da ta shigo ta ƙofar baya.

Da kakar wannan shekara takarda ta zo daga kamfanin da ke raba fina-finai daga Yamai. Sun ce ba za su iya ci gaba da aika wa kowa da kowa ba. Za su turo mutum ya zagaya ya duba gidajen silima, wanda ya ga ya cancanta a bar shi cikin layi, wanda bai cancanta ba a yanke shi. Ranar Asabar ta ƙarshen wata zai iso Maraɗi, kuma sun haɗo da wani fim na Indiya don a nuna a wannan mako. Abdulrazak, ɗan marigayi Alhaji Maman Lawali, wanda silimar ta faɗa hannunsa, ɗan kasuwa ne mai kai aya da wake Najeriya. Ya kira Mati ya zaunar da shi.

"Baba Mati, ba zan ɓoye maka ba," ya ce. "Darajar tsoho ta sa na bar wurin nan har yau. In mutumin Yamai ya ce e, mu ci gaba. In ya ce a'a, babu fim ke nan, ni kuma ba zan zauna ina kallon fili mai girman wannan a banza ba. Rufi zan sa mishi in zuba aya."

Mati ya ce, "Ka bar ni da bango da inji. In ya zauna ya ga hotona, ba ya iya cewa a'a."

Da an bar shi haka nan da an zauna lafiya. To, amma labari ya kai kunnen Mushe Tanimu, tsohon darektan lakwal da ya yi ritaya, Mushe ɗin kuwa laƙabi ne na Faransanci irin namu na malam. Ba za a yi masa ƙarya ba, Mushe Tanimu yana son silimar nan har cikin ransa, shekara talatin kujera ɗaya yake zama, ta uku daga dama a layi na biyu. Sai dai zamanin ya shiga jikinsa kamar yadda ya shiga jikin kowa. A lokacin in rijiya ta rufta ba a neman igiya, ƙungiya ake kafawa. Cikin kwana uku ya kafa Ƙungiyar Ceto Silima Annuri, shi ne shugaba, kuma ya fi son a ce masa farzidan. Mutum goma sha uku ne ƴan ƙungiyar, muƙamai ma goma sha uku, har da mai kula da hulɗa da ƙasashen waje, ka ji fa. Mati da ya san kowace ƙusa ta wurin ba a ba shi ko kujera ba. Wai doka ta goma sha ɗaya ta ce ma'aikaci ba shi da ƙuri'a.

Cikin mako biyu suka yi taro shida a inuwar bangon, uku daga ciki a kan ko za a ce Ceto ko Farfaɗo. Babu wanda ya ɗauki tsintsiya. Mati da Baturiya ne suka share filin, suka kwashe ledoji, suka ɗaure ƙafafun kujerun da suka karye da waya. Abu ɗaya ƙungiyar ta tsayar mai amfani, shi ne kowa zai kawo iyalinsa da maƙwabtansa ranar Asabar bayan isha, don baƙo ya tarar da gida cike. Kowa ya ɗauka baƙon kallo zai zo yi, har shi Matin. Wa zai duba silima da rana?

Ranar Lahadi Mati ya tare Mushe Tanimu bayan taro ya ce masa, "Mushe, gobe za ni Tibiri ɗauko farar ƙasa. Ku yi ta taronku, amma kada kowa ya taɓa bango." Mushe Tanimu ya fito da ɗan littafinsa ya rubuta, ya ce za a saka maganar cikin ajanda.

Mai haƙar farar ƙasar wani tsoho ne, Kabo, wanda ke bin al'adar kakanninsa. Ba ya shiga ramin sai ya zuba wa masu wurin fura, kuma ba ya zubawa ranar Litinin. Mati ya san da wannan sarai, tashin hankali ne ya mantar da shi. Ya yi faɗa, ya yi magiya, Kabo yana zaune yana tufka igiya ko ɗaga kai bai yi ba. Dole ya kwana gidan surukansa. Talata aka haƙa, mai amalanke kuma ya ce shanunsa sun gaji, sai da asuba. Sai ranar Laraba da hantsi Mati ya iso ƙofar silima a bisa buhunan farar ƙasa, ransa a ɓace tun daga hanya, yana lissafin kwanakin da suka rage.

Tun daga waje warin ya doke shi. Da ya shiga sai da ya kare ido da hannu. Bangon yana walƙiya a rana kamar sabon kwanon sha, daga wannan ƙarshe zuwa wancan. A gindinsa ga gwangwanayen fenti takwas a kife, ga ƴan ƙungiya tsaye cikin manyan riguna suna gyaɗa kai. Alhaji Hamidu, mataimakin shugaba na ɗaya, mai shagon kayan gini, shi ya ba da fentin kyauta, fari, mai mai, irin wanda ake shafa wa ƙofar ƙarfe. Jiya Talata aka kawo masu shafi huɗu suka gama kafin la'asar. Baturiya ta tsaya a gaban tsaninsu ta ce kada su yi, aka ce mata ita ba ƴar ƙungiya ba ce.

Mati ya juya ya dubi Mushe Tanimu. Sannan ya ce, "Mushe, mi na ce maka ran Lahadi?"

"Ka ce kada a taɓa bango," in ji Mushe Tanimu, "kuma mun mutunta maganarka, an saka ta cikin ajanda, an tattauna, an kaɗa ƙuri'a. Sha ɗaya da biyu. Rinjaye ya ga farar ƙasa abin ƙauye ce, baƙo kuma daga babban birni zai zo."

"Su wa ne biyun masu hankali?"

Mushe Tanimu ya ɗan yi tari ya ce su biyun ma fenti suke so, kore ne dai suka fi so.

"Mushe, shi rinjayen nan ya taɓa tuƙa inji?"

 Mati ya danne zuciyarsa, wanda ba ƙaramin aiki ba ne a wurinsa, ya ce su dawo bayan magariba ya haska musu su gani da idonsu. Mushe Tanimu ya duba littafi ya ce bayan magariba kwamitin tarbar baƙo zai zauna a gidan Alhaji Hamidu. Ko mutum ɗaya bai zo ba.

Shi da Baturiya suka gani. Ya ɗora faifan farko na fim ɗin Indiyan ya kunna, ita tana zaune a tsakiyar fili. Wani farin haske mai faɗin ɗaki ya tsaya a tsakiyar bangon, duk fuskar da ta shiga cikinsa ta ɓace. Kowane layin burushi yana ƙyalli daban. Ta tashi ta koma gefe, daga can kuma hoton ya yi toka-toka kamar ana kallo ta cikin hayaƙi. Ta dawo gindin matakala tana share hawayen da hasken ya sa ta, ta ce, "Malam, wannan ko makaho ba ya biya."

Ya jiƙa ɗan farar ƙasa a kwano ya gwada shafawa a kan fentin, ta zuro ƙasa kamar ruwa a bayan faranti. Ba ta kama mai, kuma ya san haka tun kafin ya gwada. Abu ɗaya ya rage, a kankare.

Ranar Alhamis da asuba ya jiƙa buhunansa a duro, ya cire ruwan wata tsohuwar hauya ya wasa, ya kafa tsani daga hagu. A nan ne baƙin cikin gaske ya same shi. Fentin bai gama bushewa ba, ya riƙe abin da ke ƙarƙashinsa gam, duk inda ya kankara sai ya taso da tsohon shafin gaba ɗaya har siminti. Shafin shekara talatin da shida, nasa da na Idirisa, kaurin ɗan yatsa, santsin da babu magini a Maraɗi da zai iya yin irinsa, shi ke faɗowa ɓawo-ɓawo a gindin tsani. Ƙarƙashi kuwa siminti ne mai ramuka da tsaga. Mati ya yi kuka a bisa tsanin nan, yana kuka yana zagi yana kankara, kuma bai ji kunyar kowa ba.

Da hantsi ƙungiya ta kira taron gaggawa. Suka zauna nesa da ƙura suka rubuta masa takardar gargaɗi da Faransanci, harshen da bai iya karantawa ba, aka rasa mai hawa ya miƙa masa, sai sakatare janar ya ɗaure ta a ƙafar tsani da zare. Tana nan tana lilo har yamma. Abdulrazak ya zo da kansa, ya dubi ɓarnar, ya dubi ɓangaren da ke walƙiya.

"Baba Mati, ka tabbata?"

"Alhaji, in mutumin nan ya zauna ya ga fim bisa wanga ƙyalli, ko minti biyar ba ya yi zai tashi. Na haska, na gani."

Abdulrazak ya yarda da shi, don bai taɓa jin Mati ya yi ƙarya a kan aikinsa ba. Ya turo ƴan dako biyu daga wurin ayarsa su kama masa. Suka kwana biyu suna fama, hannun Mati duk ya yi kanta ya fashe, kafin magaribar Juma'a rabin hagu kawai suka iya kankarewa suka cike ramukansa. Mati ya ga ba za a gama ba, ya sake shawara. Da asubar Asabar zai shafe wannan rabin, shafi biyu ko da babu na uku, kafin yamma ya bushe ya yi fari. Sai ya karkata injin ya ƙanƙance hoton ya tsaya a rabin hagu kaɗai. Hoto zai yi ƙarami amma zai fita tas, mai ido kuma zai gane.

Ya yi shafi na farko, yana tsakiyar na biyu, wajen ƙarfe goma sha ɗaya na safe, sai mota ta tsaya a ƙofa. Wani matashi ya fito sanye da kwat, riƙe da jakar takardu. Mutumin Yamai ne. Ya ce sauri yake, yana so ya kwana Damagaram, akwai wasu wurare uku da zai duba a hanya. Aka ruga aka kira Mushe Tanimu da Abdulrazak.

Abin da baƙon ya gani ke nan. Rabin dama yana sheƙi a rana gwanin sha'awa. Rabin hagu kuwa, farar ƙasa in tana da danshi ba fari take ba, toka-toka ce dabbare-dabbare, da alamun ramukan da aka cike suna leƙowa. Ga tulin ɓawon fenti a ƙasa, ga duro, ga tsani, ga wani gajeren tsoho a bisa ya yi buɗu-buɗu tun daga gira har ƙafa. Baƙon ya nuna dama ya yi magana da Faransanci, ya nuna hagu ya ƙara magana. Mati ya sauko ya tambayi abin da yake cewa. Mushe Tanimu ya ce wai tun da ya fito zagayen nan bai ga bango mai kyan na dama ba, yana tambaya wa ya ba da izinin lalata shi.

Mati bai taɓa roƙon mutum ba a rayuwarsa, ko auren Baturiya da faɗa ya nema. Ranar ya roƙa. Ya ce, "Ranka ya daɗe, silima da duhu ake duba ta. Ka tsaya zuwa magariba, faifai guda kawai in haska maka. Ka ga wannan, ka ga wancan, sannan ka rubuta abin da ka ga dama. Don Allah."

Ashe baƙon yana jin Hausa. Ya dubi agogo ya ce shi takarda aka ba shi ya cike, akwai layin bango, layin kujeru, layin makewayi da layin inji, babu layin kallo. Ya hau matakala uku ya leƙa ɗakin inji daga nesa, ya sauko, ya yi rubuce-rubucensa a kan murfin mota. Duka-duka bai yi minti goma sha biyar ba. Da zai shiga mota ya ce wa Abdulrazak za a aiko da amsa, amma gaskiya da bango a wannan hali kada ya sa rai.

Bayan azahar ƙungiya ta zauna don hukunta Mati. Aka kawo shawarar a kore shi daga ƙungiya. Sakatare janar ya ɗaga hannu ya tuna musu ai ba ya ciki. Sai suka kaɗa ƙuri'ar shigar da shi, ta wuce, suka kaɗa ta korarsa, ita ma ta wuce. Mati yana bisa tsani yana ƙarasa shafi na biyu, don farar ƙasar da aka tace ba a barin ta ta kwana.

Bayan isha mutane suka zo, don labarin zuwan baƙo da safe bai kai ko'ina ba. Rabon da Silima Annuri ta cika haka an fi shekara uku, ayar Baturiya ta ƙare tun kafin a kashe fitila. Mati ya hau ɗakin inji, ya dubi ƙusoshin da ya kamata ya kwance don karkata hoton, ya bar su yadda suke. Ya saki hoton a faɗin bangon gaba ɗaya. A hagu ga yarinyar fim tana tafe cikin gona, ana ganin har zaren gyalenta da ƙwayar idonta. Ta taka zuwa dama sai ta narke cikin farin haske, murya kawai ta rage. Jama'a suka yi ta ihu suna cewa mai inji ya gyara. Karo na farko a shekara ashirin da shida Mati bai leƙo ya zagi kowa ba.

Ana cikin faifai na biyu ya ji taku a matakala. Mushe Tanimu ne, yana haki, ya riƙe hularsa a hannu. Shekara talatin yana zuwa wurin nan bai taɓa hawowa ba. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Mati, kai ke da gaskiya. Na gani."

"To, Mushe, mi za ni yi da ita yanzu?"

Mushe Tanimu ya shigo ciki. Ya zauna a kan akwatin faifai har aka gama fim ɗin, Mati kuma bai kore shi ba.

Amsa ta zo bayan kwana goma sha biyu, an yanke Silima Annuri daga layi. Ƙungiya ta yi taro ɗaya don rubuta takardar ƙorafi, aka yi gardama a kan wanda zai sa hannu a farko, daga nan ba a sake jin ɗuriyarta ba. Abdulrazak ya cika maganarsa. Ya ce wa Mati ya zauna ya riƙe makullin wurin ayar, Mati ya yi godiya ya ƙi. Ya ɗauki tsintsiyar kabarsa ya koma shafe gidajen mutane da masallatai a Zariya da Sabon Gari, da damina kuma ya tafi Jiratawa ya yi noma a gonar ƙanensa. Ya yi suna a wannan sana'a ma, ko da yake masu gida sun yi ta kuka da bakinsa.

Ranar da magina suka zo sa rufi ya je ya tsaya daga tsallaken titi, shi da Baturiya. Babban maginin ya ce bangon hoto ya fi kowane ƙarfi a wurin, a kansa za a ɗora ƙarafan rufin, suka hau suna fasa masa ramuka da guduma. Takaici ya cika Mati. Baturiya ta bar shi ya kalla iya kallonsa, sannan ta yi masa tambayar da ta kwana biyu tana cin ta.

"Malam, don Allah in tambaye ka. Da ka san mutumin nan ba kallo zai yi ba, da ka bar musu fentinsu?"

Ya dubi masu gudumar. Ya san amsar da take so, ya kuma san da ya bari da yanzu yana bisa yana ɗora fim.

"Da na kankare shi," ya ce. Ya goge fuska da gefen rigarsa. "Amma da na jira ya tahi."